Ranar da Na Kasa Cewa Amin

Gidanmu shi ne gidan da ake kwatance da shi a ƙauyenmu, can a hanyar Tsanyawa. In ka sauka daga bas ka ce Gidan Soro kake nema, ko akuya ka tambaya za ta nuna maka. Kakan mahaifina ne ya gina shi, wani madugu da ya yi arziki a fataucin goro, ya dawo gida ya zuba dukiyarsa a ƙasa da itace. Katangar ta fi tsayin mutum biyu, kaurinta kuwa jaki zai kwanta a kai ya yi birgima. A tsakiyar gidan akwai babban soro, mai zane a bango, wanda mutum ɗari za su zauna a ciki ba wanda ya taka ƙafar wani. Arzikin madugu ya ƙare tun kafin a haife ni. Abin da muka gada shi ne suna, da jemagu, da rufin da yake neman yaɓe duk shekara.

Wanda bai tashi a gidan ƙasa ba sai an yi masa bayani. Rufin soro a shimfiɗe yake. Ana jera azara, wato tsagin itacen giginya, a ɗora ƙasa mai kauri a kai, a kewaye gefen da 'yar katanga. In an yi ruwa ba shi da hanyar sauka sai ta indararo, waɗannan bututan da suke leƙowa daga saman bango. Muddin indararo na zuba, rufin kuma babu tsaga, to ka yi barcinka. Amma in ruwa ya kwanta a sama ya sami ƙofar shiga, ƙasar za ta sha ta ƙoshi, nauyinta ya ninka, sai azara ta gaji ta saki.

Mai kula da wannan rufi shi ne Baffa, ƙanin mahaifina, wanda ya zama babban gida bayan rasuwar mahaifina. Siririn tsoho ne marar yawan magana, in ya yi maka shiru ka gwammace ya zage ka. Duk shekara kafin faɗuwar damina yakan kira gayya, maza su kwaɓa ƙasa, a hau a toshe tsaga, a share indararo, mata su dama fura. Ni kuwa malamin firamare ne, mai saurin baki da saurin yanke shawara, irin mutanen da suke ganin duk abin da tsoho ya faɗa akwai gajeriyar hanya da ta fi tasa. Baffa ba ya kiran sunana. Ɗan boko yake ce mini, ko da ina da furfura a gemu.

A shekarun tsananin nan damina biyu a jere ta yi mana rowa. A ta uku aka yi ruwa sau ɗaya, muka yi shuka, sai sama ta kulle. Gero ya fito kamar tsawon yatsa ya ƙone a tsaye. Rumbunanmu ko ɓera ya daina leƙa su, ga mu baki ashirin da wani abu a gida. A shekarar ba a yi gayyar yaɓe ba. Ba ka kiran mai jin yunwa ya taka maka ƙasa ba ka da furar ba shi, ruwan rijiya kuma layi ake yi masa tun asuba, wa zai zuba shi a kwaɓi? Baffa ya hau rufin shi kaɗai, ya daɗe a can, ya sauko ya jawo wani gungume ya tokare ƙofar soron. Ya ce ɓangaren gabas ya tsage, gara kuma ta shiga azara, kada kowa ya ƙara zama a ciki har sai an gyara.

Ana cikin haka wata Hajiya ta zo daga birni. Sana'arta shirya bukukuwan masu hali, ta nemo wuri, ta kawo masu ado da masu abinci. Wai wani ya ɗauki hoton gidanmu a waya, hoton ya yi ta yawo har ya kai gare ta, kuma akwai wani Alhaji da yake son a yi walimar auren 'yarsa a irin gidan da, ya gaji da ɗakunan biki na birni masu kama da juna. Ranar Baffa ya tafi kasuwar Tsanyawa, ni ta tarar. Da hannuna na kawar da gungumen na buɗe mata soron. Ta tsaya a tsakiya tana juyawa, tana ta zuba Turanci a waya, sannan ta dube ni.

"Malam, ginin nan dai lafiyarsa ƙalau ko?"

"Ai ya fi ni lafiya, Hajiya," na ce mata, har da dariyata.

Na ce ba kuɗi nake so ba, hatsi za a ba ni, don a lokacin kafin ka kai kuɗi kasuwa sun narke a aljihu. Bayan kwana biyu wata akori-kura ta sauke mana buhunan gero da masara, har da irin shuka. Da yamma hayaƙi ya tashi a madafinmu irin wanda aka daɗe ba a gani ba. Yara suka ci tuwo har suna barin loma a kwano. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, na ji ni namiji ne. Da Baffa ya tambayi inda hatsi ya fito, na ce tsakar gida na bayar haya za a kafa rumfuna a yi biki. Ya dube ni, ya dubi yaran, ya sa hannu ya ci.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Saura kwana huɗu biki masu ado suka iso da motarsu, suka wuce tsakar gida ko kallonta ba su yi ba, suka shige soro da tsani da dilolin yadi. Baffa yana zaune a zaure yana gyaran igiyar guga. Ya aika aka kira ni.

"Ɗan boko, ka gaya mata?"

"Baffa, yau kwana arba'in rabonmu da ruwa. Rufin da ya shekara ɗari a tsaye ba zai faɗi a wuni ɗaya ba. In dai babu ruwa babu abin da zai faru."

"In dai babu ruwa," ya maimaita a hankali. "Ashe makullin sama a aljihunka yake."

"To ya za mu yi? An riga an ci hatsin mutane. Kai ma ka ci."

Wannan maganar har yau in na tuna ta sai na ji kunya ta kama ni. Bai ɗago ba. Ya ci gaba da murza igiyarsa, can ya ce, "Na ci. Kuma ba zan tsinka ɗan yayana a gaban baƙuwa ba. Kai ka buɗe ƙofar, kai za ka faɗa mata da bakinka. Ina sauraro."

Na ce to. A raina na ce gobe. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma ni sai na yi ta wasa aska ina ɗaga ranar.

Masu ado kuwa aikinsu suke yi bilhaƙƙi. Suka rufe saman soron gaba ɗaya da farin yadi, don kada kashin jemage ya faɗa wa manya a shinkafa. Azara ta ɓuya, tsagar ma ta ɓuya. Kujerar amarya suka kai ta jikin bangon gabas, don a nan zanen ya fi kyau a hoto. Daga waje kuma suka zo rataya igiyoyin ƙananan fitilu, suka rasa inda za su ɗaura, sai suka ga indararo a jere kamar don su aka yi. Kowanne suka cusa masa guntun katako, suka danne da tsumma har ya kama tsam, suka ɗaura igiya a jiki. Ina tsaye ina kallo. Na san abin da ake nufi da toshe indararo tun ina ɗan shekara bakwai. Amma in na ce a cire, za a ce don me, in na ce don ruwa, za a ce to in an yi ruwan me zai faru. Na juya na bar wurin.

A yammacin ranar ladan ya yi shela a lasifikar masallaci. Liman da dattawa sun yanke a fita roƙon ruwa kwana uku a jere, daga Alhamis zuwa Asabar. Asabar ce ranar walima.

Ranar farko aka fita aka dawo, sama fes. Rana ta biyu ma haka. Mutane suna dawowa jiki a sanyaye, ni kuwa ina jin wani sauƙi yana ratsa ni, ina tsanar kaina saboda shi. Sau biyu na ɗauki waya zan kira Hajiya, sau biyu na mayar da ita aljihu. Baffa bai ƙara ce mini komai ba. In mun haɗu a zaure sai ya dube ni kawai, irin kallon da yake nufin har yanzu yana sauraro.

Ranar Asabar da hantsi gari kaf ya fita filin Idi. Tsofaffi da sanduna, mata da goyo, har awaki da tumaki aka koro, ƙashin haƙarƙarinsu a waje. Kowa ya sa tsohuwar riga, babu mai turare. Ƙasa tana ƙuna ta cikin takalmi. Liman ya ja mu raka'a biyu, ya tashi ya yi huɗuba gajeriya, ya ce kowa ya binciki kansa, wanda ya san ya tauye mudu ko ya ɓoye aibin abin da ya sayar ya tuba, don irin wannan ke riƙe ruwa. Na san ba da ni yake ba, bai san komai ba. Duk da haka gumi ya keto mini ta ƙeya. Sannan ya juya mayafinsa, muka juya rigunanmu, ya ɗaga hannu ya fara addu'a.

Kusa da ni wani dattijo ne maƙwabcinmu, wanda ya sayar da shanun huɗarsa a wannan bazarar. Kuka yake yi kamar ƙaramin yaro, hawaye na bin gemunsa. Duk inda liman ya tsaya sai filin ya ɗauka da amin, ka ji ta har cikin ƙirjinka. Na ɗaga hannuna kamar kowa. Na buɗe baki, amin ta ƙi fita. Ni ma gonata a ƙone take, ni ma 'ya'yana ruwan nan suke jira. Amma duk lokacin da liman ya ce Allah ka shayar da mu, farin yadin nan nake gani da kujerar da ke ƙarƙashinsa. Na so in ce ya Allah gobe, ka bari sai gobe, sai tsoro ya kama ni, wane ni in tsaya a cikin bayin Allah masu kuka ina yi wa Ubangiji ciniki. Haka na tsaya hannu a sama, baki a buɗe, har aka shafa. Ban taɓa jin kaɗaici irin na wannan tsayuwar ba.

Bayan azahar baƙi suka fara isowa. Motoci irin waɗanda ba mu saba gani ba sai a titin Katsina suna wucewa. A bayan gidanmu akwai kududdufi, ramin da aka haƙi ƙasar ginin gidan tun zamanin madugu, inda duk ruwan unguwa yake taruwa da damina. Shekara biyu ke nan a bushe, cikinsa ya yi sumul, ga inuwar tsamiya a gefe. Direbobi suka ga fili mai kyau, suka gangara da motocin suka jera. Mutanen gari suna daga nesa suna kallo, suna kallon manyan kulolin abinci da ake shiga da su, ba wanda ya ce musu uffan. Mai jin yunwa ba ya ba mai ƙoshi shawara.

Soro ya cika. Janareta na ruri, fankoki na juyawa, ƙamshin turaren wuta da na soyayyen nama ya haɗu. Mata sun fi yawa, sun sha leshi da gwala-gwalai. Aka shigo da amarya, yarinya 'yar siririya mai yawan sunkuyar da kai, aka zaunar da ita a jikin bangon gabas. Ni na tsaya a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, ina yi wa masu shiga sannu da zuwa, idona yana sama.

Wajen la'asar gari ya yi ɗif. Ganyen tsamiya ko motsi ba ya yi, zafi ya danne mutane. Duk ɗan ƙauye ya san wannan shirun. Sai iska ta taso daga gabas mai sanyi, ta kwashi ledoji ta yi sama da su, ta zo da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na zagaya bayan katanga na duba. Hadari ne baƙi ƙirin, ya haɗe tun daga ƙasa har sama, yana tafe ba ya sauri. Daga cikin gari na ji wata mata ta rangaɗa guɗa, wata ta karɓa, maza suna kabbara.

Na koma da gudu na sami Hajiya a bayan kujeru tana ba masu rabon abinci umarni.

"Hajiya, ina son magana da ke."

"Malam, uban amarya zai yi jawabi yanzu, bari a gama mana."

"Hajiya, hadari ne."

"To ai alhamdu lillahi, ba shi kuke roƙo ba? Mu muna ciki, me zai same mu?"

Ƙofar gaya mata gaskiya ce ta buɗe mini, faɗin zaure. Abin da ya rage in ce mata rufin ne. Na dubi fuskarta, na dubi manyan mutanen da ke zaune, na ji bakina ya ce, "Haka ne, Hajiya." Na koma bakin ƙofa.

Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ba yayyafi, ba sallama. A waje yara da manya suka fito suna tsalle a cikinsa. Na fita tsakar gida na ɗaga kai na dubi indararo. Ga ruwa yana dukan bango, ga shi yana gudu a ƙasa, amma bakin kowane indararo a bushe, ko ɗigo babu. Duk abin da sama take zubarwa a kan rufin nan yana can a kwance, yana neman hanya.

Na dawo ciki jiƙe sharkaf. Uban amarya yana riƙe da abin magana yana yi wa jama'a godiya, yana cewa auren nan mai albarka ne tunda ya zo da ruwa, ana ta tafi. Na dubi saman kujerar amarya. A jikin farin yadin akwai wani tabo ja-ja, faɗinsa kamar faifai. Ina kallonsa ya zama kamar tire. Yadin ya fara yin ciki. Wani ɗigo ya faɗo a kan teburin da ke gabanta, wata ƙawarta ta sa hankici ta goge, ta ci gaba da hira.

Ko a nan ban faɗi gaskiya ba. Dabara na nema, don ɗan boko ba ya rasa dabara. Na ɗaga murya na ce, "Jama'a, masu motoci! Inda aka ajiye su kududdufi ne, ruwa na shiga!"

Maganar gaskiya ce, kuma ta yi aiki. Maza suka miƙe rututu, Alhazai suna tattare babbar riga, direbobi a gaba, har uban amarya ya ajiye abin magana ya bi su. Cikin ɗan lokaci rabin soron ya zama fili. Amma mata ba su motsa ba. Wa zai fita da leshi cikin wannan ruwa saboda mota? Da ƙofa ta zauna a buɗe feshi ya fara shigowa, sai suka jawo kujerunsu suka matsa ciki, can wajen amarya, suka taru a ƙarƙashin tabon da yaransu. Dabarata ta kwashe su ta kai su daidai inda nake tsoro.

Sai na ji wata ƙara a sama, 'yar ƙarama, irin ta busasshen kara in an taka shi. Ban san lokacin da na tsallake teburi na ɗauki abin maganar ba. Muryata ta fito a lasifika, ni kaina ban gane ta ba.

"Iyayena, don girman Allah ku fita. Rufin nan a tsage yake, gara ta ci itacensa, ruwa yana kwance a kanku. Na sani tun kafin in bayar da wurin nan. An tambaye ni na ɓoye. Ni na ɓoye. Ku fita."

Kowa ya ɗaga kai, kowa ya ga yadin. Na ga wata ta yunƙura za ta kwasa da gudu, na san in aka yi turmutsutsu a wannan ƙofa guda ɗaya ba sai rufi ya faɗo ba. Uwar amarya ce ta cece mu, wata dattijuwa mai farin gilashi. Ta miƙe ba tare da gaggawa ba, ta kama hannun 'yarta, ta ce, "Kowa ta ɗauki yaron da ke kusa da ita. A hankali. Wadda ta yi gudu ban yafe ba." Suka fara fita bi da bi, ana barin jaka da takalma. Da ta zo daidai inda nake ta tsaya.

"Malam, kana da 'ya'ya?"

"Ina da su, ranki ya daɗe."

"Allah ya raya maka su," ta ce, ta ja 'yarta suka shiga ruwa.

Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi. Matan gidanmu suka fito da tabarmi da fantekoki suna kare baƙin daga ruwa, suka rarraba su a ɗakunansu da zaure. Hajiya ce ta ƙarshen fita. Sai da ta leƙa ƙarƙashin kowane teburi ta tabbata babu yaron da ya ɓuya. Ta zo ta gabana, kwalliyarta ta zube. Na shirya wa zagi. Cewa kawai ta yi, "Na fa tambaye ka." Ta wuce.

Ina tsaye a tsakar gida ruwa na dukana sai na ji wani abu ya faɗo tim, igiyar fitilu ta zubo ƙasa, indararo ɗaya ya ɓalle da ruwa ja kamar kunun kanwa. Can na biyu ya biyo. Na ɗaga kai na ga mutum a kan rufin, a kwance rub da ciki, yana jan jiki a bakin katanga, yana zura hannu yana zaro tsumma da katako. Baffa ne. Da ya ga indararo ba sa zuba ya jingina tsani ta baya ya hau, tsoho mai shekara saba'in da ɗoriya, yana rarrafe a kan tsagar da shi ya fi kowa sanin zurfinta. Na ruga wajen tsanin na kama.

"Kada ka hau!" ya daka mini tsawa daga sama. "Nauyina ma ya yi masa yawa. An fita?"

"An fita, Baffa."

"Duka?"

"Duka."

Ya ci gaba da jan jiki har ya buɗe na ƙarshe. Na riƙe masa tsani ya sauko a hankali, hannunsa duk ya yayyage, haƙoransa na haɗuwa. Na miƙa hannu zan tallafe shi, ya kauce ya shige ɗakinsa.

Rufin bai faɗo ba. Ruwa ya ɗauke kafin magariba, mutanen gari da aka bari suna kallo daga nesa su ne suka shiga taɓo har gwiwa suka turo motoci, aka raba musu abincin da ba a ci ba. Baƙi suka tafi a jiƙe, ba wanda ya yi mini sallama. Washegari gari ya fashe zuwa gona, kowa da sungumi da ƙwaryar iri, kuma a bakin kowa labarina ne. Wasu suka ce malam ya ɓata bikin mutane a banza, ga soro nan tsaye ƙyam. Wasu suka ce karatu ne ya taɓa shi. Abin mamaki, kafin azahar ni ma na fara ba kaina wannan labarin. Ina jefa iri ina rufewa da ƙafa ina cewa a raina, ai ga shi bai faɗi ba, ashe lissafina daidai ne, tsoro ne kawai ya sa na tona wa kaina asiri.

Baffa ya yi kwana uku a kwance da zazzaɓi. A rana ta huɗu da hantsi ya fito, ya rame, ya ce in ɗauko tsani in biyo shi. Muka hau ta yamma, muka bi gefen katanga a hankali har ɓangaren gabas. Tsagar ta buɗe, ta kai faɗin tafin hannu. Ya ce in kwanta in zura hannuna. Na zura har kafaɗa, cikin ƙasa mai sanyi da danshi, har yatsuna suka taɓa azara.

"Matsa ta," in ji shi.

Na matsa. Itacen ya nutse a hannuna, ya marmashe. Na zaro hannu cike da jiƙaƙƙen gari da 'yan fararen gara suna motsi. Na laluba ta kusa da ita, ita ma haka. Ta uku ce kaɗai na ji da sauran ƙarfi, ita ma ta tanƙwara. Na zauna a wurin ina kallon garin da ke hannuna.

"Baffa, zan kira gayya," na ce. "Yanzu akwai ruwa, akwai hatsin fura. A sauke nan kawai a canja azara, ya koma kamar da."

Ya daɗe yana kallon gonaki, inda mutane suke ta sunkuye. Sannan ya jawo wata diga da ban lura ya riga ya ajiye ta a can ba, ya tura mini ita da ƙafa.

"Duka za a sauke, kuma ba za a mayar ba. Tsaga na san maganinta, shekara hamsin ina toshe ta. Gara ma na san nata. Amma yunwa za ta dawo, wata Hajiyar za ta zo, ni kuma ba na nan." Ya juyo ya dube ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja. "Ba ruwa nake tsoro ba, ɗana. Kai nake tsoro."

Ya juya ya nufi tsani, yana dafa katanga. Na jira har na ji ƙafarsa ta taɓa ƙasa, sannan na miƙe na ɗauki digar, na fara daga gabas.